Kibiya Ɗaya ta Arzika Masaƙi

A Tungar Kaiwa, can bakin dajin da ba wanda ya taɓa ganin ƙarshensa, an yi wani masaƙi ana ce da shi Arzika, wanda gwanki ke kawo wa ziyara. Duk shekara, in bazara ta kama, zafi ya kora mutane inuwa, sai gwankin nan ya fito daga daji da rana tsaka, ya ratso gonaki, ya zo ya tsaya bayan durumin da Arzika ke saƙa a gindinsa. Ba ya cin komai, ba ya taɓa zare. Kallo kawai yake yi har la'asar ta yi sanyi, sannan ya juya. A kumatunsa akwai tsaga uku-uku irin ta gidan su Arzika, kunnensa na hagu kuma a yage yake, daidai inda na Nomau ya yage tun suna yara.

Nomau wan Arzika ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma su biyu kaɗai suka rage. Shi ya goya Arzika bayan uwarsu ta rasu. Maharbi ne na ji da gani, dogo, mai dogon hannu, ga baki ba ya raga wa kowa. Da Arzika ya ƙi baka ya kama ƙoshiyar saƙa, a gidan da kaka da kakanni maharba ne, Nomau ya yi masa ba'a har ya gaji, sannan ya je ya saro masa itacen masaƙa da hannunsa. Wata rana ya shiga daji farautar kwanaki, shi ke nan. Aka nema aka gaji, aka yi sadaka, matarsa ta gama takaba ta koma gidansu. Arzika kaɗai ya ƙi yarda. Kowace shekara sai ya saƙa riga daidai jikin wansa, ya naɗe ya ajiye, har suka kai shida. Kewa ta cinye shi, tuwo ma ba ya wuce masa sai ya tura da ruwa.

A bazara ta bakwai gwankin ya zo kamar yadda ya saba, amma wannan karon da mai biyo shi. Wata mace ce doguwa, kanta na shafar rassan durumi, da sandar kiwo a kafaɗa. Tana taka ciyawa, ciyawa ba ta kwanciya.

Ta ce, "Ya kai masaƙi, ka daina ja mini dabba. Shekara shida ina biyo sawunsa zuwa gindin itacen nan, na gaji."

Arzika ya saki ƙoshiya ya durƙusa. Ya ce, "Ranki ya daɗe, wace ce ke? Me ya sa dabbarki ke ɗauke da tsagar gidanmu?"

"Ni ce Uwar Garke. Duk mai kofato a dajin nan ni ke kiwonsa. Ban hana maharbi rabonsa ba, in ya harba ya kashe ya ci. Amma wanka ya hango macen gwanki mai ciki daga nesan da ya fi ƙarfin bakansa, ya sake mata kibiya mai kunnuwa, don dai a ce ya iya. Kibiya ta shige ta, ba ta kashe ba, ba ta fita ba. Bai bi jini ba, ya yi gaba neman wata. Kwana uku tana yawo da ƙarfe a ciki kafin ta faɗi a hannuna. Sai na cike gurbinta da shi."

Arzika ya dubi gwankin, gwankin ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ruwan farko na daminar bana in ya taɓa bayansa, ya zama nawa har abada. Tsagar za ta shafe, kai ma zai manta ka. In kana son sa, kibiya ta kai shi, kibiya za ta dawo da shi. Ka zo makiyayata da kibiya ɗaya tak, karan jikinta daga Fadamar Kyauro, kanta daga maƙerar da ke ƙarƙashin dutse. Ka harbe shi da hannunka. Jini ya fito, rai kada ya fita, kuma kibiyar ta zaru ba tare da ta jawo nama ba."

"Ranki ya daɗe, ban taɓa jan baka ba."

"Wannan kai ta shafa," in ji ta. Ta kora gwankin suka nufi gabas.

Arzika ya ruga gida, ya zaro tsohon bakan Nomau da wani kwarinsa da ke rataye, ya nufi wurin Kawu Mati, ƙanen uwarsu, tsohon maharbin da ido ya fara gudu. Tsoho ya ji labari, ya lalubi kayan, sai ya make masa hannu.

"Ajiye! Kai, ɗan nan, kashe shi za ka je yi? Waɗannan duk da dafi, ƙwarzane kawai suka yi wa giwa sai ta kwanta. Bakan nan kuwa ko kai biyu ne ba za ku ja shi ba. Ka ga hannunka kuwa? Kamar na amarya."

Ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan baka mai laushi, irin wanda ake fara ba mai koyo. Kwana ashirin Arzika yana harbin kututturen gwanda da karan dawa. Tsarkiya ta yi ta dukan damtsensa har ya kumbura, yatsunsa suka fashe, kaji suka daina bi ta bayan gidan. Daga taki ashirin yana samu, in ya ƙara biyar sai kara ya faɗi a hanya. Kawu ya ce to, iyakarsa ke nan, kada ya sake ya wuce ta.

Ranar tafiya tsoho ya riƙe shi a bakin ƙofa. Ya ce, "Ka ji da kyau. Baka ba ya harbi, kibiya ke harbi, kuma kowace kibiya da mai ita. Ka kafa gindin kara a ƙirjinka, ka miƙa hannu biyu gaba, inda yatsunka suka tsaya ka ƙara yatsa biyu ka yanke. Ka murza shi a tafi, ka kanne ido ɗaya ka dube shi. Ka lanƙwasa shi kaɗan. In ya yi tauri ya fi bakanka, zai kauce, in ya yi laushi zai yi ta rawa a iska. In an sa kai, ka ɗora ta a yatsa, sai gaba ya ɗan rinjayi baya. Kibiyarmu ba ta da gashi, kanta ke jan ta." Sannan ya ce, "In ka gan shi, ka ce ina gaishe shi, ja'iri."

Arzika ya rataya baka da kwari wanda babu komai a ciki, ya ɗauki gorar ruwa ya shiga daji.

Rana ta biyu ya iso wani kogi busasshe ƙayau, yashi fari fat, amma kunnensa na jin rurin ruwa kamar tsakiyar damina. Ya jefa dutse, ya ji tsulum, dutsen ya yi ta sauka a hankali cikin abin da ido bai gani. Ya ɗaure baka a ka ya faɗa. Ruwan ya ɗauke shi ya yi ta wulwulawa, yana ganin kifaye na wucewa a sarari, har ya kama saiwar wani itace ya fito, tufafinsa a bushe, cikinsa cike da ruwa.

Rana ta uku hanya ta bi da shi tsakiyar wata kasuwa, masu saye da masu sayarwa duk kuraye ne, sun sha riguna da rawuna. Ciniki ya tsaya. Wata babbar kura mai jan rawani ta tare shi ta ce, "Maharbi, sannu da zuwa. Me ka zo mana da shi a kwari?"

Arzika ya ɗora hannu a murfin kwarin ya ce, "Wa ke son ya fara gani?"

Kura ta dubi ta kusa da ita, ta kusa ta dubi ta bayanta. Aka buɗe masa hanya. Bai yi gudu ba sai da ya sha kwana, amma da ya fara bai tsaya ba sai da takalminsa ɗaya ya tsinke.

Da hantsin rana ta huɗu ya iso Fadamar Kyauro. Kyauro ne iyakar ganin ido, kuma kowane kara yana magana, kowane yana yi wa kansa kirari, sai ka ce an tara maroƙan duniya. A bakin ruwa wani zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya, tsawonsa ya fi rumbu.

Zalɓe ya ce, "Ɗan Adam, me ya kawo ka inda ba a gayyace ka ba?"

"Ranka ya daɗe, kara ɗaya nake roƙo."

"Mai roƙo ana ba shi yanka biyu. Na uku, wuyansa nake yankewa. Shiga."

Arzika ya kutsa, ruwa har ƙugu. Wani kara mai kauri ya ce da shi aka kashe ɓauna a shekarar fari. Wani siriri ya ce shi ko iska ba ta jin wucewarsa. Ya toshe kunne ya yi ta tafiya yana dubawa. Can sai idonsa ya faɗa kan wani kara miƙaƙƙe, gaɓoɓinsa a jere, ba tabo ko ɗaya. Zuciyarsa ta yi fari. Bai tsaya kafa shi a ƙirji ba, hannunsa ya auna da kansa kamar yadda ya saba auna ƙyalle, ya sa wuƙa ya yanke, ya fito da murna.

Zalɓe ya karkata kai ya dubi karan. Ya ce, "Kyakkyawa. Na wane ne?"

"Nawa."

"Kafa shi a ƙirjinka."

Ya kafa, ya miƙa hannu. Karan ya zarce yatsunsa da fiye da taƙi guda. Ya gwada lanƙwasa shi, ya ƙi ko motsi. Nan Arzika ya gane abin da ya yi. Hannunsa ya yanke tsawon hannun Nomau, tsawon da ya shekara shida yana aunawa a hannun riga, ya kuma zaɓo taurin da sai bakan Nomau. Ashe ya san awon wansa, nasa ne bai sani ba. Ya zauna a laka ya rungume karan ya yi kuka sosai, bai ji kunyar tsuntsu ba.

Zalɓe ya bar shi ya gama. Sannan ya ce, "Wanda ka yanke wa ba ya da hannu yanzu, kofato gare shi. Saura ɗaya, masaƙi. Wannan karon ka yanke wa wanda ya zo."

Ya koma ciki. Bai dubi masu kyau ba. Ya yi ta kafa kara a ƙirji tun yana tsaye a tushensa, yana lanƙwasawa, yana saki, har rana ta karkata. A ƙarshe ya samu wani matsakaici da bai ce uffan ba tun shigowarsa, yana ba da kai kaɗan, ya dawo ya miƙe, daidai yadda ɗan bakansa ke yi. Ya auna sau uku, ya ƙara yatsa biyu, ya yi bisimilla ya yanke.

Zalɓe ya ce, "Wannan gajere ne, kuma ba wanda zai yi masa waƙa. Naka ne. Bi hayaƙin can."

Hayaƙin daga tsagar wani dutse yake fita. Arzika ya matse jiki ya shiga, ya yi ta gangarawa har ya faɗo wani kogo mai faɗin kasuwa. Zugazugai na hura kansu, masabu na tashi suna sauka ba mai riƙe da su. A tsakiya wani guntun tsoho na zaune kan uwar maƙera, gemunsa hayaƙi ne, yana ɗaukar jan ƙarfe da yatsu.

"Sannu da aiki, Sarkin Maƙera."

"Yauwa, ɗan Adam. Na ji ƙarar takalminka ɗaya tun daga kasuwar kuraye. Ga kawunan kibiya, zaɓi. Abin da ka ɗaga daga faifai, shi ne naka, ba a mayarwa."

Ya turo masa faifai. Arzika ya ɓoye hannuwansa a baya don kada su sake yi masa gaggawa. Ya nuna wani da haɓa, mai kunnuwa biyu a karkace, yana ƙyalli.

Maƙeri ya ce, "Ka iya kallo. Wannan ba ya kuskure, ko ka rufe ido zai sami abin da zuciyarka ke so. Irinsa wanka ke ɗauka."

Maganar nan ta shige shi. Mutumin da kaji ke gudu, a ce masa ga kan da ba ya kuskure! Ga shi kuma ɗan gidan maharba, wa zai so ya tsaya gaban wansa da kibiyar yara? Hannunsa na dama har ya fara fitowa. Ya ce, "In ya shiga, yana fita?"

"Da wuƙa."

Ya mayar da hannun. "Wancan mai faɗi kamar ganyen mangwaro fa?"

"Ba kunne, yana zaruwa salin alin. Amma ƙofar da zai buɗe, jini ba ya tsayawa sai ya ƙare. Kuma nauyinsa zai kifar da ɗan karan nan naka tun kafin taki goma."

"Mai dunƙulen kai?"

"Na tsuntsu ne. Yana dukan kurciya ta faɗo, ba ya huda fatar gwanki. Ba za ka ga jini ko ɗigo ba."

Saura wani siriri a gefen faifai, tsini kawai, ba kunne ba faɗi, kamar basilla. Arzika ya ce, "To wannan ne."

Maƙeri ya yi dariya, hayaƙi ya cika kogo. "Haka kowane baƙo ke cewa. Yana ganin siriri sai ya ɗauka shi ne mai tausayi. Ɗan Adam, duk faifan nan ba wanda ya kai shi nisa cikin nama. Ba abin da ke riƙe shi. Ka sa shi a cinya, ya wuce ya sami babbar jijiya, kafin ka ƙarasa wurin, ɗan'uwanka ya yi sanyi."

Arzika ya zauna a ƙasa. Kowane kai an ƙera shi don kisa, shi kuwa ya zo neman wanda zai taɓa ya tsaya. Ya daɗe yana duban faifan. Yatsunsa suka shiga aljihu, kamar yadda suke yi duk lokacin da tunani ya yi masa yawa, suka ci karo da ƙullin zaren da ba ya rabuwa da shi. Sai ya ɗago kai.

"Sarkin Maƙera, fatar gwanki da naman da ke ƙarƙashinta, kafin a kai jijiya, yatsa nawa ne?"

"A katara, huɗu."

Arzika ya miƙa hannu ya ɗauki siririn. Ya soka gindinsa a kara, maƙeri ya ɗaure masa bakin da jijiya da danƙo. Sannan ya auna yatsa biyu daga tsini, ya kama naɗa zare a jikin ƙarfen, naɗi kan naɗi, yana ja yana matsewa kamar yadda yake cika kwarkwaron saƙa, har ya tayar da wani ƙulli mai tauri kamar goro. Ya ɗora kibiyar a yatsa, gaba ya yi nauyi da yawa. Ya warware kaɗan, ya sake gwadawa. Sau biyar yana haka, sannan ta kwanta, kanta ya ɗan sunkuya. Ya roƙi tsohuwar fata, aka rataya masa, ya koma taki ashirin ya harba. Kibiya ta huda, ƙulli ya daki fata ya tsaya cak.

Masabu suka tsaya a sama. Maƙeri ya sauko ya zare kibiyar ya jujjuya ta. Ya ce, "Shekara dubu ina ƙera abin da zai shiga. Ba wanda ya taɓa tambayata abin da zai tsaya. Tafi, masaƙi, ka yi sauri. Ina jin ƙanshin ruwa ta tsagar dutse."

Da ya fito ta ɗaya gefen, gabas ta yi baƙi ƙirin. A gabansa fili ne shimfiɗe, ciyawa kore shar a tsakiyar bazara, dabbobi kuwa ba su ƙirguwa: barewa, gada, ɓauna, gwanki. Uwar Garke na tsaye kan wani tudu, ta jingina da sandarta.

Ta ce, "Ka zo. Nuna." Ya nuna mata kibiyar. Ta taɓa ƙullin zaren, sannan ta nuna garken da sanda. "Ga su can. Hadari ba ya jiran kowa."

Bai sha wahalar nema ba. Yana nufar garken gwanki, ɗaya ya ɗaga kai, ya bar wata mace da ɗan maraƙin da ke kiwo kusa da shi, ya taho da sassarfa. Ya zo har gaban Arzika ya tsaya, numfashinsa na dukan fuskarsa. Ga tsaga, ga yagaggen kunne. Arzika ya ɗora hannu a goshinsa, karo na farko cikin shekara bakwai, ya ce, "Yaya."

Iska ta taso. Sai a lokacin ya ga matsalar. Gwankin ƙirji ya ba shi, kuma ya yi kusa ƙwarai. A nan ko ƙulli ba zai hana ɓarna ba, ga maƙogwaro, ga ido. Katara yake so, daga taki ashirin. Ya ja da baya, gwanki ya biyo shi. Ya kewaya, gwanki ya juyo yana kallonsa. Ya ce, "Yaya, don Allah juya." Dabbar ta sa hanci tana shinshinar rigarsa.

Aka yi tsawa. Can ƙarshen fili ruwa ya fara sauka, yana tahowa kamar an ja labule.

Arzika ya sunkuya ya ɗebi tsakuwa. Ya watsa wa wansa a fuska. Ya daka tsawa da muryar da bai san yana da ita ba: "Tafi! Wa ya kira ka? Dabba kawai! Ba ni da wa, wana ya mutu tun tuni. Tafi ka ba ni wuri!"

Gwankin ya tsaya kamar an dasa shi. Ya dubi Arzika, irin kallon da har Arzika ya koma ga Allah bai manta ba. Sannan ya juya a hankali, kansa a ƙasa, ya kama tafiya.

Arzika ya ɗana kibiya. Hawaye ya rufe masa ido, ya goge da kafaɗa. Yana ƙirga takun a zuci: goma, sha biyar, sha takwas. Ya ja tsarkiya har kunne, ya ji ɗan bakan ya ba da kai iyakarsa, ya saki.

Kibiya ta tafi ba rawa, ta sami katarar hagu. Gwanki ya yi tsalle ya faɗi cikin ciyawa, ciyawa ta rufe shi. Arzika ya yar da baka ya ruga. Ɗigon farko ya faɗo masa a wuya yana cikin gudu.

Mutum ya tarar a kwance, dogo, gashi ya yi masa buya-buya, jini na bin cinyarsa siriri. Arzika ya kama karan ya ja, kibiya ta fito sumul, ba ta ɗauko komai ba. Ya tuɓe rigarsa ya yage ya ɗaure wurin, ya rufa masa sauran. Ruwa ya sauko musu gaba ɗaya.

Nomau ya buɗe ido. Ya motsa baki sau biyu kafin magana ta fito, a daƙile. Ya ɗauki kibiyar ya kai ta kusa da fuska.

"Auta, mene ne wannan? Kibiya ce ko mazari?"

"Kibiya ce, Yaya."

"Wa ya koya maka harbi?"

"Kawu Mati. Ya ce yana gaishe ka."

"Shi ya sa." Ya ajiye kibiyar. "Maganar da ka faɗa ɗazu..."

"Ƙarya ce, Yaya. Wallahi ƙarya ce."

"Na sani yanzu. Ɗazu ban sani ba." Ya jawo kan ƙanensa ya haɗa da ƙirjinsa, suka daɗe a haka cikin ruwa.

Uwar Garke ta buga sanda a ƙasa, garke ya fara motsi zuwa arewa. Duk suka tafi, ban da macen nan da ɗan maraƙinta. Sun tsaya nesa kaɗan, kunnuwa a tsaye, suna duban inda gwankin ya faɗi. Nomau ya gan su. Ya yunƙura ya tashi a gwiwa, ya miƙa hannu, ya buɗe baki zai yi irin kiran da ya saba, sai muryar mutum ta fito. Macen ta zabura. Ta shaƙi iska, ta ji warin ɗan Adam, ta tura maraƙin da hanci, suka zura da gudu suka bi garke.

Arzika ya juya wajen tudu. "Ranki ya daɗe, ba ki gaya mini yana da iyali a garken ba."

Uwar Garke ta ce, "Ba ka tambaya ba, masaƙi. Shekara bakwai ba kwana bakwai ba ce. Ka cika sharaɗi, ɗauki naka. Nawa suna wurina." Ta saɓa sanda ta bi bayan dabbobinta.

Suka kama hanyar gida, Nomau na ɗingishi, hannunsa a kafaɗar Arzika. Ƙaton mutum, amma sai ya riƙa tuntuɓe, ya manta yadda ake tafiya da ƙafa biyu. Arzika yana ta ba shi labarin gari, wa ya mutu, wa ya haihu, wa ya tashi, shi kuwa yana cewa to, to. Murnar da Arzika ya shekara bakwai yana tanadi tana nan a ƙirjinsa, amma ta ƙi fitowa duka, don ya san irin shirun nan. Shi ya yi zama da shi a gindin durumi, yau ga shi ya ɗauke shi ya ɗora wa wansa.

A bakin filin, inda itatuwa suka fara, Nomau ya tsaya. Ruwa ya tsagaita. Can nesa ana iya hango garken, ya zama ɗige-ɗige.

Ya ce, "Auta, ƙafar na yi mini ciwo. Mu ɗan zauna."

Arzika ya dubi ɗaurin, ko jini bai ɓullo ba. Ya ce, "Mu zauna, Yaya. Ba sauri muke ba."

Nomau ya zauna yana fuskantar arewa. Arzika ya zauna kusa da shi, ya juya shi ma ya fuskanci can, ya taya shi kallo har ɗige-ɗigen suka ɓace.